Ƙasar Kabarin Alfa Bonkano

Shekara arba'in Alfa Bonkano, malamin addini, ya yi a garin Tondikire yana nanata magana guda har muryarsa ta dushe: ba a roƙon kowa sai Allah. Shi ya hana zuba nono a gindin tsamiyar bakin kogi. Shi ne idan ka sunkuya za ka sumbaci hannunsa sai ya fizge ya ce, "Hannun da nake fyace majina da shi?" Da ajali ya matso, ya kira ɗansa Saini, manomin shinkafa, ya bar masa wasiyya: kada a yi gini a kan kabarinsa, kada a shafe shi da siminti, dutse ɗaya ya isa.

To, mutanen nan da ya ƙarar da ransa a kansu, su ne yanzu suke cinye kabarin nasa. Ci fa na gaske, da baki.

Goggo Gambi ce ta tsiro da abin, ƙanwar marigayin uwa ɗaya uba ɗaya. Jikarta ta shekara tara ba haihuwa, Alfa da kansa ya tura ta asibiti a Yamai aka yi mata aiki. Amma da yarinyar ta haifi tagwaye bayan rasuwarsa, sai Goggo ta bi gida-gida tana rantsuwa cewa ƙasar kabarin yayanta ta jiƙa mata ta sha. Shi ke nan! Mai ciwon ƙafa ya zo, mai neman miji ta zo, har daga tsallaken kogi ake cika kwalekwale. Kowa ya durƙusa ya kira sunan Alfa, ya faɗi bukatarsa, ya dumbuzi ƙasa ya ƙulle a tsumma. Tun ana ɗiba da yatsu har aka koma zuwa da ƙoƙo. Kafin shekara ta zagayo, tudun kabarin ya zama kwari, ga damina saura ƙiris. Saini ya san ruwan farko idan ya kwanta a ramin nan, likkafanin ubansa zai fito fili, kuma wannan tunani ya hana shi jin daɗin tuwo.

Ya ɗaura wa jakinsa amalanke, ya yi sawu shida daga bakin kogi ya cike ramin. Cikin kwana goma aka kwashe yashin da ya zuba. Ya sami Goggo a gindin kabarin tana karkaɗe zani.

"Goggo, don girman Allah, yashin nan ni na kawo shi. Daga mashayar shanu na ɗebo, inda suke fitsari!"

"To sai me? Abin da ya kwana a kan Alfa ai ya zama na Alfa."

"Shi da kansa ya ce wannan shirka ce. Sau nawa kika ji daga bakinsa?"

"Tawali'u ne, ɗan nan. Ka taɓa jin waliyyi ya ce shi waliyyi ne? Ni na goya ka, yau kai za ka koya mini yayana?"

Ba a ɗaga wa goggo murya, don haka Saini ya juya ya tafi. Ya je ya saro ƙaya ya kewaye kabarin. Kashegari ya tarar da ƙayar ta yi ado da tsummoki, ja da fari da shuɗi, kowane ƙulli da bukatar wani, an kuma buɗe kafa ta wajen kai. Ya bar gonarsa tsuntsaye suna shagali, ya zo ya zauna gadi da sanda. Wani tsoho daga tsallake ya rarrafo ya cafke hannunsa ya shafa a fuska, wai jinin Alfa ne. Kai, duniya! Duk ƙofar da ya toshe sai ta zama alƙibla.

Ya kai kuka wurin Maigari Jibo. Maigari yana cin kopto, wato kwaɗon zogale, bai ko ɗago ba.

"Saini, kai ma da wahalar da kai. Mu zuba siminti, mu ɗora 'yar ƙubba, ba mai sake taɓa ƙasa. Ubanka ya huta, kai ka huta."

"Ranka ya daɗe, wasiyyarsa fa?"

"Wasiyya ta hana ruwa sauka? Zaɓi ɗaya: ko ƙubba, ko kare ya ja maka likkafani."

Saini ya fito zuciyarsa tana tafasa. In ya yi gini, ya ci amanar ubansa, ya kuma gina wa shirka ɗaki da hannunsa. In ya bari, a tona asirin mamaci. Liman ya yi huɗuba a kan abin ranar Juma'a, jama'a suka ce na'am, ana sallamewa wasu suka zarce maƙabarta.

Ranar Talata bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Saini yana gona, ya yar da fartanya ya sheƙa da gudu. Kafin ya iso ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Mata masu ziyara sun fake a gindin aduwa, Goggo tana tsakiyarsu. Ramin ya cika taf, gefensa yana zabgewa, ga kan itatuwan da aka jera a kan gawar sun fara leƙowa.

Ya faɗa ciki da gwiwoyinsa. Ba shebur, ba ƙwarya. Da tafin hannu yake kwarfar ruwa, yana tura laka da ƙirji, inda ya tare nan wani gefen yake ɓallewa. Itace ɗaya ya motsa, ya hango farin ƙyalle. Nan hankalinsa ya gushe, ya kifa kansa a kan lakar ya kurma ihu:

"Wayyo Baba! Baba, ka cece ni daga mutanen nan!"

Maganar tana fita ya ji abin da ya faɗa. Ya buɗe baki ya ce, "Astagfirullah," amma a daidai lokacin ruwan ya ɗauke ɗif, yadda ruwan farko ya saba yi kowace shekara tun zamanin kakanninsu.

Goggo ta rangaɗa guɗa, sauran matan suka amshe.

"Kun gani ko? Kun ji da kunnenku! Ɗansa ma da ya ji wuya shi ya kira, kuma ga shi ya amsa!"

"Ba haka ba ne! Wallahi kuskure na yi, Allah na tuba! Allah kaɗai ake..."

Ba wadda ta ji shi. Biyu daga cikinsu har sun kama hanyar gari da gudu don su riga kowa kai labari.

Saini ya zauna a bakin ramin yana kuka, hannayensa cike da laka. Goggo Gambi ta matso a hankali, ta dafa kansa, ta ce, "Yi shiru, ɗan nan, yau ka dawo hanya." Sannan ta buɗe tafin hannunsa, ta kankare lakar da ke ciki tas, ta ƙulle a gefen mayafinta.