Talo-talon Goggo a Cikin But

Malam Alfred ya sunkuya a bayan motarsa, ya kai baki kusa da makullin but, ya yi fito. Daga ciki talo-talo ya amsa da kululunsa, har ƙarfen motar ya ɗauki kuwwa.

"Ka ji ko? Yana da rai," in ji shi, yana dariya yana share gumi. "Hudu, don Allah yi sauri."

Hudu mai wayarin mota, wanda garejinsa ke bakin titi a Kagarawal, bai iya sauri ba tun yana yaro. Ya zagaya motar, ya danna rimot, ya shiga ya danna maɓallin da ke gefen direba. But bai motsa ba. Motar irin ta zamani ce, ba ta da ramin makulli a baya, kujerun baya kuma sai daga cikin but ake kwantar da su.

"Baba, me ya kai talo-talo but da wannan rana?"

Labarin gajere ne. Malam Alfred tsohon malamin firamare ne, yana da matan talo-talo a gida, babu namiji. Maƙwabciyarsa ta dā, Goggo ta Barunde, tana da wani zabgege mai suna Kwamanda, wanda take ba dafaffiyar shinkafa da hannunta. Ba ta taɓa ba kowa aronsa ba. Yau ta yarda, bisa sharaɗi guda: a kujera zai zauna, kamar mutum. Amma suna hawa titi Kwamanda ya baje wutsiya ya rufe madubi, ya kuma sari kunnen malamin. Shi ya sa aka mayar da shi baya. Da aka isa gida, but ya ƙi buɗuwa, sai ya garzayo garejin Hudu.

Hudu ya zaro fis ya ɗaga shi sama yana kallo ta hasken rana, kamar mai duba ƙwai ko ya lalace.

"Fis lafiya lau." Ya ɗauko ɗan ƙwan gwajinsa mai waya, ya maƙala a jikin mota, ya taɓa bayan maɓallin. Ƙwan ya kama. "Wuta tana fita daga nan. Yanzu kowa ya yi shiru, in ji ko makullin yana ƙyas."

Ya manna kunne a but. Malam Alfred ya danna. Daidai nan wani mai Keke Napep ya matsa oda a titi, Kwamanda ya amsa masa cikin kunnen Hudu. Aka sake gwadawa, mai faci na kusa ya yi atishawa, Kwamanda ya amsa masa shi ma. Talo-talo halitta ce mai ladabi, ba a yin ƙara a duniya ya bari ta wuce ba amsa. Masu gyaran babur suka taso suna fito, kowa yana son a amsa masa. Malam Alfred ya yi dariya har sai da ya dafa taya.

Can wani ya yi fito, ba a amsa ba. Malam Alfred ya yi nasa. Shiru.

"Hudu."

"Na ji, Baba." Wannan karon ya manna kunne ya ji abin da yake nema, wato bai ji komai ba. "Wuta ba ta isa makulli. Wayar tana bi ta gindin murfin nan na hagu, inda yake lanƙwasa. Buɗe da rufe ya karya ta a cikin robarta. In aka danne kusurwar nan da nauyi, bakin biyu za su iya haɗuwa. Hau."

Malam Alfred ya hau. Mutum ne kamar sillen kara. Ya danna, ya yi tsalle a zaune, Hudu yana ta latsa maɓalli, babu labari.

Sai ga Keke ya tsaya. Goggo ta sauko a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, da kwandon cefane da gorar ruwa. Allah ya yi mata jiki, ƙofar Keke ma sai ta karkace take fita.

"Baban Lizzy, na hango motarka. Me kake yi a kanta kamar zakara? Ina Kwamanda, ya saba da amaren?"

Masu gyaran babur suka dubi ƙasa. Hudu ya leƙo ta taga, ya dubi Goggo, ya dubi kusurwar but, sannan ya dubi Malam Alfred ya ɗaga gira.

Malam Alfred ya sauko. Ya san in but ya buɗe, shekarun zumuncinsu ne za su fito tare da abin da ke ciki. Ya kuma san ƙarfen ya fara ƙona tafin hannu. Ya cire hularsa ya shimfiɗa a kusurwar hagu.

"Goggo, gwiwarki. Ɗan zauna nan ki huta, sai in ba ki labari."

"Yau kuma ni ake yi wa shimfiɗa?" Ta juya ta zauna. Motar ta yi ƙasa ta wannan gefen, ta yi ɗan nishi. Hudu ya latsa maɓalli.

Ƙyas.

"Mene ne ya yi ƙara a ƙarƙashina?"

"Goggo," in ji Malam Alfred, "yanzu kuma ɗan tashi."

Ta tashi, murfin ya biyo ta sama. Kwamanda yana kwance kusa da safaya, baki buɗe, jan wuyansa ya koma fari. Goggo ta sunkuya a kansa. Ta kurɓi ruwa daga gorarta, ta ɗaga fiffikensa ta fesa, ta fesa a ɗayan, ta fesa a kai. Ta ɗauke shi ta kai inuwar darbejiya tana yi masa magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa. Garejin ya yi tsit.

Mai faci ya sake atishawa. Kwamanda ya buɗe ido ɗaya, ya amsa, da 'yar siririyar murya kamar ta aro.

Gareji ya ɓarke da sowa. Hudu ya zaro wayar daga robarta yana nuna wa kowa inda ta karye, ba mai kallo. Malam Alfred ya zauna a ƙasa yana dariya da hawaye.

Goggo ta buɗe ƙofar gaba ta shiga, Kwamanda a cinyarta.

"Laifina ne, Baban Lizzy. A ina aka taɓa kai ango gidan amarya? Mayar da mu Barunde. Gobe ka kawo matan."

"To, Goggo. A kujera zan sa su."

"Su naka ne, sa su inda ka ga dama." Ta gyara wa Kwamanda zama ya fuskanci taga. "Kuma ka tuƙa a hankali. Yana son kallon gari."