Kilomita Shida a Motar Madara

Lamba ta tamanin da bakwai ce a hannun Sabela, allon ofishin masu ziyarar ibada na birnin Santiago kuwa ya kai tamanin da uku. Kwana goma sha biyar ke nan suna taka ƙasa tun daga birnin León, ita da yayarta Herminia, ƙafafu sun kumbura suntum. Amma ba ƙafa ce damuwarta ba yanzu.

"Ki saki fuska mana," in ji Herminia, tana zungurarta da gwiwar hannu. "Kin wani tsaya kamar wadda ta saci kaza."

"Yaya, in aka tambaye ni fa?"

"Ki ce e. Hatimi biyu ake buga miki kullum a hanya, ga su nan cif a littafinki na tafiya. Wa ya gan ki?"

Littafi kam ya cika, ba laifi. Ranar Talata ce matsalar. Suna wuce garin Melide ruwa ya tsuge, gwiwar Sabela ta ce ba ta san zancen ba, ta zauna bakin hanya tana kuka wiwi. Wani direban motar madara ya ji tausayinta, ya rage mata kilomita shida zuwa ƙauyen gaba, Herminia ta biyo da ƙafa. Ƙa'ida kuwa ba wanda bai san ta ba: kilomita ɗarin ƙarshe da ƙafarka za ka yi su, in ba haka ba babu takardar shaida.

Takardar ma ba tata ba ce. Mijinta Eladio ne ya yi wa Waliyyi Yakubu alkawari a gadon asibiti, cewa in ya tashi zai zo kabarinsa a Santiago da ƙafarsa. Bai tashi ba. Shi ne ta ɗauki alkawarin, don a sa sunansa a takardar ta kai wa uwarsa, tsohuwa 'yar shekara casa'in da ke can tana jira.

Allo ya nuna tamanin da shida. Herminia ta matso kusa da kunnenta.

"Haba, Sabela! Kilomita ɗari uku kin yi, shida ne za su tsone miki ido? Eladion da ko burodi zai sayo sai ya tada mota?"

Ba ta yi dariya ba, don lambarta ta fito.

Wani dattijo mai tabarau ya karɓi littafin, ya shiga bin hatimai ɗaya bayan ɗaya. Kai, mutumin nan akwai nawa! Ya zo shafin Talata ya tsaya.

"Ranar nan an sha ruwa, ko?"

"An sha."

"Don wani kika yi tafiyar?"

"Mijina. Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa." Ya jawo takarda, ya cire murfin alƙalami, ko kai bai ɗaga ba. "Da ƙafa duka dai, ko, baiwar Allah?"

Herminia ta take mata ƙafa. Sabela ta dubi gurbin da sunan Eladio zai shiga.

"Dakata, kada ka rubuta. Na hau mota, kilomita shida."

Dattijon ya ɗago ya dube ta, ya mayar da murfin alƙalami.

"To, sai ki sake daga inda kika hau ta, har nan. Ki yi haƙuri."

Suna fita Herminia ta rufe ta da faɗa, mutane na waiwaye.

"Kwana uku fa ke nan! Da wannan rubabbiyar gwiwar? Ke wace irin mace ce? Mutum ya riga ya ɗauki alƙalami!"

"Ƙarya zan kai wa uwarsa ta rataya a bango, Yaya? Da sunansa a jiki?"

Herminia ta yi tsaki mai tsawo. Ta zaro waya ta kira mijinta, tana goge ido da bayan hannu.

"Kada ka zo tasha gobe. A'a, lafiya lau. Ba mu gama ba ne."

Ta fizge jakar Sabela ta haɗa da tata a kafaɗa.

"Wuce mu je, shashasha."