Bajimin Labbo a Ranar Gudummawa

Sharaɗi ɗaya Labbo ya kafa wa ƙanwarsa Mardiyya, kuma sai da ya sa ta rantse a kai: kada bakin kowa ya haɗa sunansa da bajimin nan.

Ba kunya ce ta sa ba. A ƙauyensu, can bayan Moriki, yanzu mutum ba ya sa sabuwar riga sai ya duba wa ke kallonsa. Duk wanda aka ce yana da abin hannu, nan da nan labari zai kai wa mutanen daji, su zo a kan babura su ɗauke shi kamar kaza. Masu kai labarin kuwa ba baƙi ba ne, da su ake sahu a masallaci, da su ake cin tuwon suna. Shi ya sa Labbo ya rarraba ragowar shanun mahaifinsu a hannun amintattu, ya koma sa wata koɗaɗɗiyar riga mai faci a kafaɗa, yana yawo yana kukan babu har mutane suka gaji suka yarda.

Mardiyya kuwa a Kaura take aure, ita ce shugabar wata 'yar ƙungiyar mata masu ɗawainiya da zawarawan da suka gudo daga ƙauyuka. Da aka sa ranar gudummawa, ranar da ƙungiyoyin gari za su taru a fili ɗaya kowace ta nemi taimakon jama'a da irin dabararta, an sha shawara iri-iri. Samari suka ce za su wanke babura, abin da aka samu a zuba a gidauniya. Matan wata unguwa suka ɗaura aniyar tuyar ƙuli-ƙuli. Su Mardiyya tasu dabarar ba ta da hayaniya: duk macen da za ta yi surfe ta ɗebi gero cikin tafin hannu ta zuba a wata tukunya a gefe. Wasa-wasa sai ga buhuna, kuma ba wanda ya san wa ta ba da me. Daga baya ne Labbo ya ƙara musu da bajimi, a yi gwanjonsa a gyara wa matan rufin ɗakuna kafin ruwa ya sauka. Ta hannun wani mahauci ya aiko shi, don kada a ga sawunsa.

Ranar taron filin makaranta ya cika maƙil. An kafa rumfuna, janareta na ta ƙugi, ƙamshin man gyaɗa ya cika ko'ina. Mardiyya na tsaye bayan buhunanta da mudu a hannu, zawarawa sun fara jeruwa da kwanukansu. Can gefe, a inuwar wata bishiyar bedi, ta hango Labbo a tsugune cikin 'yan kallo da rigarsa mai faci. Ya kasa haƙuri, ya zo ya ga inda bajiminsa zai ƙare. Suka haɗa ido, kowa ya kau da kai kamar bai san wani ba.

Sai da aka zo gwanjo ta ga wanda kwamiti ya miƙa wa lasifika. Na'Allah ne, tsohon maroƙin gidansu, wanda ya yi wa mahaifinsu Sufyanu kirari tun ba a haife ta ba, shi ma gudun hijira ya kawo shi Kaura. Ta tuna tun da safe kwamiti ya ja kunnen duk wanda zai riƙe lasifika, an ce yau ba a kiran sunan mai kyauta. Kuma ai bai san na wane ne ba. Ta yi ta faɗa wa kanta haka.

Aka jawo bajimin, fari sol, tozo ya kwanta gefe don ƙiba. Jama'a suka yi ta salati. Na'Allah ya fara zagaya shi yana zuba masa kirari irin na kowane sa, ana dariya. Sai ya zo daidai kunnen hagu, ya tsaya cak.

Wayyo Mardiyya! Ta tuna da mahauci, ta tuna da hanya, ta tuna da kwamiti, amma ta manta da kunne. Kowane gidan shanu da irin yankan da yake yi wa ɗan maraƙi a kunne, na gidan Sufyanu kuwa tsaga biyu ne a sama da ɗan gutsure a ƙasa. Na'Allah ya shafa kunnen nan da yatsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana zaton gidan ubangidansa ya mutu, yau ga shaidar gidan a tsaye a gabansa, tana huci. Wa zai iya rufe masa baki?

"Jama'a, ku yi shiru ku ji!" Muryarsa ta fashe a lasifika har tsuntsaye suka tashi daga bedi. "Wanga yanka na san shi! Ashe gidan Sufyanu bai mutu ba! Labbo ɗan Sufyanu, mai garken da ƙurarsa ke rufe rana! Labbo mai ba da sa kamar ya ba da goro! Ga shi can gindin bedi, tashi a gan ka, ɗan gidan girma!"

Mudun ya suɓuce daga hannun Mardiyya, gero ya watse a kan ƙafafunta. Filin gaba ɗaya ya juya wajen bedi. Wayoyi suka tashi sama ana ɗaukar hoto. Labbo bai tashi ba, ya dai ƙanƙame gwiwoyinsa, fuskarsa ta yi fari kamar an watsa mata toka.

Tsoro ya kama ta. Ta bi fuskokin jama'a da ido, kowace fuska ta zame mata ta mai kai labari. Wancan mai rawanin da ya rufe baki, me ya sa ba ya tafi? Wancan ɗan kabu-kabun me yake faɗa a waya yana kallon bedi? A layin gabanta ma ga Hindu a tsaye da kwano, wadda mijinta kwanon rufi kawai ya saya aka gani, aka zo aka tafi da shi, har yau ko hularsa ba ta dawo ba. Labbo kuwa dole ya koma gida yau, matansa da 'ya'yansa suna can, kuma hanyar ɗaya ce, ta cikin dajin nan.

Ba ta san lokacin da ta ratsa fili ba. Ita da ko a taron mata ba ta ɗaga murya, ta fizge lasifikar daga hannun tsohon.

"Baba Na'Allah, tsufa ya fara taɓa ka," ta ce. "Wane Labbo? Labbon da muka sani? Wanga sa tun yana ɗan maraƙi yunwa ta sa Yaya ya kai shi kasuwar Shinkafi. Wani bawan Allah daga nesa ya saye shi, shi ya aiko muna. Yaya Labbo ko akuya ba ya da ita. In kuna son gaskiya, geron sadaka ya zo karɓa, kunya ce ta hana shi shiga layi."

Wata tsohuwa ta riƙe haɓa, ta ce, "Wannan ɗiya ba ta da ta ido, yayanta guda!" Mardiyya ta ji, ta haɗiye. Ta kawar da lasifikar daga bakinta, ta matso kusa da kunnen tsohon.

"Baba, ka kashe shi," ta ce a hankali. "Ta Moriki zai bi yau."

Na'Allah ya dube ta. Ya dubi wayoyin da ke sama, ya dubi Labbo. Ta ga lokacin da abin ya shige shi. "Innalillahi," ya ce. "Mi na yi, ɗiyata?"

"Ka san yadda ake ɗaga mutum. Ka san yadda ake kayar da shi ma."

Ya sani kuwa. Bakin maroƙi kaifi biyu gare shi, kirari ga mai kyauta, zambo ga marowaci, kuma kowa a ƙasar nan ya san maroƙi ba ya yi wa mai shanu zambo, don ba ya toshe wa kansa hanyar abinci. In Na'Allah da kansa ya zagi ɗan Sufyanu a bainar jama'a, to lallai babu sauran ko kofato a gidan. Tsohon ya karɓi lasifikar da hannu biyu, ya yi gyaran murya, ya saki wata dariya mai ban tausayi.

"Af! Ashe idona ne ya yaudare ni! Ku yafe mani, jama'a, na ga kunne na manta da mai kunnen. Labbo mai garken ƙudaje! Uba ya bar shanu, ɗa ya bar igiya! Labbo, rigarka ta fi ka shekaru, facinta ya fi ta yawa! Tashi ka shiga layi, kada gero ya ƙare!"

Aka kwashe da dariya. Samarin wankin babura suka ɗauki "Labbo mai garken ƙudaje" suna bugawa a kan bokiti. Na'Allah ya ci gaba, yana ƙara wani kan wani, kowane ya fi na baya zafi, hawaye na bin furfurar gemunsa. Mutane suka ɗauka dariya ce ta sa shi hawaye.

Labbo ya miƙe. Mardiyya ta zaci ficewa zai yi, don ta san zuciyarsa, mutum ne da ko ruwa ba ya roƙa a gidan wani. Sai ta ga ya nufo buhuna, kansa a ƙasa, ya tsaya a bayan Hindu, namiji ɗaya tilo a layin zawarawa. Mardiyya ta koma bayan buhunanta ta ɗauki mudu. Layin na matsowa ana yi masa ihu. Da ya iso gabanta ba shi da kwano, sai ya tattaro gaban rigarsa ya tara.

Ta cika mudu ta juye masa.

"Allah ya saka da alheri, Hajiya," ya ce da ƙarfi yadda na kusa za su ji. Bai ɗago ya dube ta ba.

A haka ya tafi tasha, rungume da gero a riga, yara na binsa da waƙar. Aka yi gwanjon bajimin, wani dillali ya saya, aka yi ta tafi, Mardiyya ba ta ji komai ba. Ta auna wa sauran matan geronsu, ta koma gindin bedin nan ta zauna da waya a cinya. Na'Allah ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da ita. Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ɗaga kai ta duba. Ta kira, ba sabis. Ta sake kira, ba sabis. Ta san inda sabis ke ɗaukewa a hanyar, ta kuma san abin da ke faruwa da mutane a daidai wurin. Aka yi la'asar, ta yi sallah ba ta san me ta karanta ba.

Rana ta yi sanyi ana kwance rumfuna, sai wayar ta yi ƙara. Ta kusa yar da ita garin ɗauka.

"Auta, na iso," in ji Labbo.

"Yaya! Lafiya? Ba wanda ya tare ku?"

"Ba kowa." Sai ya ƙara da cewa, "Waƙar ta riga ni zuwa. Wani ya turo ta a waya, tun daga bakin gari ake yi mani ita. Har ɗana Lukman na iske yana rera ta a ƙofar gida, bai san da wa ake ba."

"Yaya, ka yafe mani."

"Ki ce wa Baba Na'Allah ya kyauta. In an tambaye shi gobe, ya ƙara." Ya ja numfashi. "Geron ma an ɗora shi a wuta. Dole maƙwabta su ga mun ci."

Mardiyya ta ce alhamdu lillahi, ta sake cewa alhamdu lillahi, sannan ta ja mayafinta ta rufe fuska ta fashe da kuka.