Littafin da Goggo Tani Ke Naɗe Awara da Shi

Ƙanena Safiyanu ba ya iya ganin rubutu ya wuce, tun yana yaro haka yake. Gwangwanin madara, bayan mota, takardar cikin kwalin magani, duk sai ya tsaya ya karanta. Da ya gama difloma ya dawo gida Birnin Kudu babu aiki, sai ya buɗe shafi a intanet yana rubuta abin da ya karanta da abin da ya gani a gari, har ya tara mabiya. Matsalarsa ɗaya ce: in ya kama karatu mantawa yake yana da ciki. Inna za ta ajiye masa koko da safe, azahar ta yi ta tarar ƙuda ne kaɗai ya taɓa. Ni Na'ima, yayarsa, na yi faɗa har na gaji.

Haka ya jawo wa kansa gyambon ciki. Likita bai ɓoye masa ba. "Ba mai, ba yaji, ba zama da yunwa. In ka yi wasa gyambon nan ya fashe, sai an yi maka aiki." Inna ta riƙe hannunsa a gaban likitan ta sa ya yi mata alkawari.

Muna dawowa gida, mara lafiya ya zama likita. Ya yi dogon rubutu a shafinsa yana zagin abincin suya, ya ɗora hoton wani kasko da baƙin mai a ciki. Bai faɗi suna ba, amma duk garin nan wa bai san kaskon Goggo Tani mai awara ta bakin tasha ba, kaskon nan mai kunne ɗaya? 'Yarta Munawwara ta karanta mata rubutun daga farko har ƙarshe. An ce Goggo ba ta ko ɗaga kai daga suyarta ba, cewa kawai ta yi, "To, Allah ya ba shi lafiya."

Ni ce na kawo fitinar gida ban sani ba. Wata rana da yamma na sayo awara, na ci, na yar da takardar a tsakar gida. Safiyanu ya zo wucewa ya duƙa ya ɗauka kamar yadda ya saba. Shafi ne na wani tsohon littafin labari, a kan wani direban babbar mota mai suna Barau da aka ba shi akwati ya kai wani gari mai nisa, aka ce ko da wasa kada ya buɗe. Shafin ya ƙare daidai inda Barau ya ji wani abu ya motsa a ciki.

"Yaya, ina sauran?"

Na ce, "Je ka tambayi mai baƙin mai."

Wallahi sai ya tafi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ta sayar masa da littafin. Littafin ba bango, ba sunan marubuci, a cikin buhun tsofaffin takardu ta same shi, don haka ba inda zai je ya nemi wani.

Goggo ta ce, "Ni ba na sayar da takarda, ɗan nan. Awara nake sayarwa."

Ya ce to a ba shi awarar, zai tafi da ita gida.

"A'a. Kai dai a bencin nan za ka ci, mutanen tasha su gani ko guba ce. Na rantse takardar nan ba ta fita daga wurina sai an ci awara a nan. Munawwara, barbaɗa masa yaji."

Daga ranar Goggo ta ware masa littafin, sauran jama'a kuma jarida ta ishe su. Kullum falle ɗaya, bi da bi, ba tsallake. Shi kuma ya koma gida ya ba mabiyansa labarin inda aka kwana, su yi ta kururuwa a ƙasa: me ke cikin akwatin? A saman wannan kuma ga shawararsa ta lafiya, yana jan kunnen matasa su guji mai. Da hannun da ke ƙamshin yaji yake rubutawa.

Tururuwa ce ta tona shi. Na ga sun yi layi zuwa ƙarƙashin katifarsa, na ɗaga, ga takardu nan jere sun jiƙe da mai. Raina ya ɓaci sosai. Na ce sai na gaya wa Inna, ya riƙe min mayafi yana roƙo wai saura kaɗan a buɗe akwatin. Na kwashe takardun na shiga ɗaki don in ga wane shirme ne zai sa mutum ya sayar da cikinsa. Kiran sallar la'asar ne ya dawo da ni hayyacina. Ban gaya wa Inna ba.

Ba a jima ba wata safiya muka ji shi yana kakari a bayan ɗaki, na leƙa na ga jini. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. A asibiti Inna ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba, ta zauna a gefen gado tana kallon robar ƙarin ruwa. Allah ya taimaka ba a kai ga yin aiki ba, amma likita ya ce in aka sake, shi ba ruwansa.

Goggo Tani ta zo dubiya da kwanon kunu, idonta jawur. Ta ce wa Inna, "Ki yafe ni. Na ɗauka ciwon nasa ƙaryar 'yan waya ce." Inna ta ce ba komai. Sai ga murya can daga kan gado, da ƙyar take fita:

"Goggo, ya buɗe akwatin?"

Inna ta dube shi, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Goggo ta ce ai da ta ji labari, don haushi ta aika wa ƙanwarta Jummai mai ƙosai a kasuwar Gwaram da ragowar littafin, ba ta son ta ƙara ganinsa.

Da aka sallame shi ya ɗan yi ƙwari, ranar kasuwa na ce wa Inna zan raka shi Gwaram don kada ya ci abin da aka hana shi. Gaskiya ne, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Muka shiga bas, muka isa hantsi ya yi, muka tarar Jummai ta riga ta fara naɗi da littafinmu. Ta miƙo mana ɗan abin da ya rage, ta nuna mana kasuwa da matsamin ƙosai ta ce, "Sauran suna hannun mutane."

Ranar na zubar da mutuncina na malamar makaranta. Duk wanda muka gani yana tauna sai mu tare shi. Na karɓi falle ɗaya a hannun mai sayar da igiya, Safiyanu ya zaro wani daga ƙarƙashin ƙafar mai gyaran babur. Wata mata ta ɓoye nata a bayanta, ta ce sai mun faɗa mata ko asiri za mu yi da shi. Da muka jera su a kan benci, saura falle na ƙarshe. Jummai ta ce wani dattijo mai shanu ne ya sayi ƙosai aka naɗe masa a ciki, Malam Dabo na Maruta, ga shi can zai hau babur. Safiyanu da aka ce kada ya yi wahala ya falfala da gudu.

Dattijon ya dube shi da tausayi ya ce, "Yaro, in yunwa ce ga ƙosan. Me za ka yi da takarda?"

Muka haɗa kai muna karantawa a tsakiyar rana. Barau ya tsayar da mota a daji. Ya ɗauko ƙarfe. Ya ɓalle kwaɗon, ya ɗaga murfin, abin da ya gani ya sa ya yi salati da ƙarfi. A ƙasan wannan, da manyan baƙaƙe, marubucin ya ce mai son jin abin da Barau ya gani ya nemi littafi na biyu.

Safiyanu ya zauna a ƙasa dirshan. Ni kuwa na faɗa wa marubucin nan maganar da ba zan maimaita ba. Jummai ta gama dariyarta ta share hawaye, sannan ta ce, "Ai na biyun yana cikin buhun Yaya Tani, na gan shi."

Da yamma muna bakin tasha. Goggo ta ce, "Kai ko loma ba zan ƙara ba ka ba. Amma rantsuwa na yi, ba zan karya ba. Takarda ba ta fita sai an ci awara a bencin nan."

Safiyanu ya juyo a hankali ya dube ni. "Yaya, ke ai cikinki lafiya lau yake."

Shi ke nan. Yanzu kullum na taso daga makaranta sai in zauna a bencin Goggo in ci awara da yaji, har zanena ya fara yi min kaɗan. Fallen kuma yana cikin jakata, ba ya fita sai Inna ta shaida min Safiyanu ya karya kumallo, ya ci na rana, ya sha magani, kuma na ga ya share kwanon tuwo da idona. Ya yi fushi, ya yi roƙo, ya ce mabiyansa suna jira. Na ce su ma su je su ci abinci.

Shekaranjiya ina shigowa na tarar da Inna a bakin ƙofar ɗakinsa, ta yi tsaye tana kallonsa yana suɗe kwano. Kumatunsa sun fara dawowa. Ta ja ni gefe, ta share ido da bakin mayafi, ta rage murya.

"Littafin nan saura da yawa?"

Na ce ya kusa rabi.

Ta ce, "To ki roƙar min Tani, ta riƙa yaga fallen gida biyu."