Kujera Ɗaya a Bayan Ginshiƙi

Shekara goma sha ɗaya na yi ina amshi a bayan Maigida. Haka duk 'yan ƙungiya ke kiran mawaƙin, har matarsa. Mu uku ne 'yan amshi, ni ce ta hagu, mai ɗaukar muryar sama. Sai wani tsiro ya fito mini a maƙogwaro, aka yi aiki, likita ya ce an dace. Magana ta dawo bayan wata biyu, waƙa ba ta dawo ba. Ba wanda ya kore ni. An dai daina kirana gwaji, ni ma ban tambayi dalili ba.

Yanzu karɓar kaya nake yi a wani shagon wanki da guga. In maƙala wa riga lamba, in lalube aljihu kada a wanke wa mutum takardarsa, in ce ya dawo jibi. Aiki ne da ba ya son murya.

Wata Asabar da hantsi wani mutum ya kawo kwat, ya ce a taimaka a goge masa kafin ƙarfe uku, zai je wasan Maigida da ƙarfe biyar. Na san da wasan. Sati uku ina wuce fostarsa a hanya kamar tallan siminti. Na karɓi kwat ɗin na rataye. Da mutumin ya fita sai na ga waya a hannuna ina neman tikiti. Ba kewa ba ce, ba fushi ba ne.

Shafin masu wasan na intanet ya ce tikiti ya ƙare. A ƙasan sanarwar kuwa mutane ne rututu, kowa yana da biyu na sayarwa saboda rasuwa ta same shi. Na yi wa ɗaya magana. Nan take ya turo hoton tikiti da lambar asusu, ya ce in yi sauri, wasu na jira.

Katina na banki ba ya shiga a wayata, sai na leƙa shagon da ke jikin namu. Mai gyaran waya ne, dattijo mai furfura, ana ce masa Farfesa saboda tabarau biyu yake ɗorawa in zai duba ƙananan ƙusoshi. Duk wasan ƙwallon da za a yi a gari sai ya je, kuma bai taɓa sayen tikiti da wuri ba.

Ya karanta saƙon ya miƙo mini wayar.

"Maƙwabciya, wannan hoton ya tura wa mutum goma. Wanda ya riga isa ƙofa shi ne mai tikiti, sauranku hoto kuka saya. Kin ga duk garin nan yau rasuwa ake yi, kuma duk mamatan sun bar tikiti bibbiyu?"

"To ya ƙare ke nan."

"Bai ƙare ba. Shafin nasu yana da wurin da waɗanda suka fasa ke mayar da nasu. Can za mu tsaya. Amma ba yanzu ba, yanzu kowa na ji da kansa, kuɗin na sama. Bari sai saura awa biyu, lokacin da mai tikiti ya ga zai tashi a tutar babu. Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai."

"Kin huta. Kujera ɗaya ba ta wuya. Masu neman biyu a jere su ne ke kwana a waje."

Ya gyara abin da ya hana katin shiga, ya sa na rubuta sunana da lambar katin tun kafin lokaci, ya ce in an zo kamawa ba a tsayawa neman biro. Bai tambaye ni abin da ya haɗa ni da wasan ba. Bai san na taɓa waƙa ba. A layin nan ni ce matar wanki mai dasasshiyar murya.

Ƙarfe uku mai kwat ya zo ya karɓi kayansa. Na roƙi mai guga ta riƙe mini shagon, na koma wurin Farfesa. Ya jera wayata da tasa a kan tebur, tsakanin matattun batura da kwalbar sinadarin goge allo, yana jan shafin ƙasa da yatsa yana saki. Babu. Babu. Can sai kujera ta fito a layi na shida. Ya danna, banki ya ce zai turo lambar sirri. Muka zuba wa wayar ido. Lambar ta iso bayan minti huɗu, kujerar ta riga ta tafi.

Farfesa ya yi tsaki, ya zagi sabis, ya zagi bankin da kakanninsa. Ni ban ji komai ba. Na lura dai agogon bangonsa ya yi gaba da minti bakwai.

"Fita bakin ƙofa da wayar, sabis ya fi ƙarfi. In ta fito kada ki koma baya, kada ki tsaya karatu."

Huɗu saura kwata wata ta fito, a sama, can gefe, an rubuta cewa ginshiƙi yana tare wani ɓangare na dandamali. Na danna. Lambar ta zo da wuri. Tikitin ya shigo da sunana a jiki.

"An samu," na ce.

Ya fi ni murna. Ya cika mini caji, ya ƙure hasken allon don na'urar ƙofa ta karanta, ya ce in gaida mawaƙin. Na ce zai ji.

Da kayan aikina na tafi, ina warin sitati. A ƙofa na tarar da wata mata da mijinta ana haska wayarsu tana yin ja, mai gadi yana cewa an riga an shiga da wannan tun ɗazu. Matar ta ci kwalliya sosai. Tawa ta yi kore, na wuce.

Ban taɓa ganin zauren daga sama ba. Ginshiƙin ya rufe Maigida ɗungurungum, sai hannunsa nake gani in ya ɗaga. 'Yan amshi kuwa ga su a fili. Biyu na sani. Ta hagun sabuwa ce, doguwa, sanye da shuɗiyar rigar da aka ɗinka mana shekarar da muka yi tafiyar wasa, an sake mata tsawo da wani yadi da bai yi daidai da launin ba.

Na jira in ji wani abu. Mutanen gefena suna tashi suna zama, wata tana kuka tana ɗaukar bidiyo. Ni ina jin gangar ta yi sauri kaɗan, ina jin lasifikar dama tana shaƙewa. Sabuwar tana da murya, ta fi tawa faɗi. Amma a doguwar waƙar nan ta tsakiya, inda amshi ke hawa ba hutu, numfashi ya yanke mata kafin ƙarshen layi. Sau uku ana zuwa wurin, sau uku tana yankewa. Ba wanda ya lura.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na sauko neman ruwa. A bakin matakala na yi karo da mai haɗa sauti, wanda muke ce wa Dogo, ɗauke da nadin waya a kafaɗa.

"Yaya? Ke ce? Wa ya ba ki tikiti?"

"Saya na yi."

Ya kama hannun rigata ya ja ni ta ƙaramar ƙofa zuwa baya. Maigida yana ɗakinsa da baƙi, an ce ba a shiga. Tsofaffin abokan amshina suka rungume ni, suka ce na yi ƙiba, suka ce za su kira. Na ce to.

Sabuwar tana zaune a kan akwatin kayan kiɗa, ta cire takalmi tana shan ruwan ɗumi. Da aka faɗa mata ko ni wace ce sai ta miƙe tsaye.

"Anti, da muryarki na koyi amshin nan, a faifai. Don Allah, doguwar waƙar nan, a ina kike numfashi? Na saurara har na gaji, ban ji wurin ba."

"Ba a layin nake yi ba. Kafin a shiga, in Maigida ya ja kalmarsa ta ƙarshe, ki bar sauran biyun su fara. Ki saci numfashi a nan, ki shigo a gaɓa ta biyu. Ba mai ji."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta gwada a hankali, tana ƙirgawa da yatsa a cinyarta. Ya fita daidai. Ta sake gwadawa, ta yi dariya, ta ce shekara guda tana fama. Aka buga ƙararrawar komawa, kowa ya watse neman takalminsa. Dogo ya ce in tsaya a gefen labule in kalli sauran daga nan. Na ce ina da kujera.

Ban koma kujerar ba. Na bi ta ƙofar da ake shigo da kaya na fita titi, rana ba ta gama faɗuwa ba. Motar haya ta tsaya, na shiga, na zauna kusa da wata mata mai buhun gawayi.

A gida na tarar da yayata tana wa 'yarta tsifa a tsakar ɗaki. Ta ce ina na tsaya. Na faɗa mata. Ta saki kan yarinyar ta dube ni da kyau.

"Ya kika ji?"

"An yi wasa. Mutane sun cika."

Ta matsa mini a kan tabarma, ta miƙo mini ɗaya tsinken tsifar. Na zauna na kama ɗaya gefen kan.