Shuɗin Bargon Mathato

Mohapi ya murɗe murfin gorar, ya kai kunne kusa. Shiru. Ya tsiyaya a kofi, giyar cittar ta kwanta kamar ruwan randa, ko ɗigon kumfa babu. Ya buɗe ta biyu, ita ma haka.

Ranar Asabar za a yi bikin yaye ƙyallen da ya rufe dutsen tunawa da aka kafa a kabarin matarsa Mathato, a raba tufafinta ga 'yan uwanta mata, kamar yadda ake yi in an fita makoki. Duk garin Mafeteng, can kudu inda hunturu ke kamawa a watan Yuli, an san Mathato da giyar citta mai tsalle har cikin hanci. Shi ya sa ya hana kowa haɗawa, ya ce shi zai yi mata. Ga shi yanzu zai shayar da jama'a lami da sunanta.

Nthati, yayar marigayiyar, ta shigo ta latsa wata gora da babban yatsa. Robar ta lotsa.

"Baban Thato, me ka yi mata?"

"Yadda take yi na yi, Yaya. Citta, sukari, yis, har zabibin na jefa."

"Ina ka ajiye su?"

"Nan bayan ƙofa."

"A kan siminti? Cikin sanyin Yulin nan? Haba! Kai ma in aka shimfiɗe ka nan, motsi za ka yi? Shekara da shekaru kana sha, ba ka taɓa lura da inda ake ajiye ta ba?"

Ya sunkuyar da kai. Gaskiya ne, shi dai sha ya iya.

"Yis ɗin bai mutu ba, sanyi ne ya kama shi," in ji ta. "Ƙara wa kowacce ɗan sukari, ka ɗaure murfin tamau, ka jera su gefen murhu, ka lulluɓe. Da shuɗin bargonta take yi. Yana ina?"

Yana cikin akwati, a ƙulle cikin leda. Tun da aka binne ta, Mohapi kan buɗe bakin ledar kaɗan, ya cusa fuska, ya rufe da sauri kada ƙamshinta ya tsere. Shi kaɗai ya rage masa, kuma hayaƙin kwal zai cinye shi.

"Akwai nawa bargon," ya ce.

"Wannan mai kama da rariya?"

Ta dube shi da kyau, ta fita wajen kaji.

Ya daɗe tsaye gaban akwatin. Sannan ya fito da bargon, ya naɗe gorunan a gefen murhu, zuciyarsa na ƙuna.

Ranar Juma'a da hantsi ya latsa gora ɗaya, ta yi tauri kamar dutse. Yana murɗa murfin ta yi tsaki, kumfa ta malalo kan hannunsa. Ƙamshi ya taso, zaƙi-zaƙi, tsami-tsami, da yajin citta. Shi ne dai ƙamshin da yake ta ɓoyo a leda. Ashe ba na jikinta ba ne, na aikin hannunta ne, aikin da bai taɓa tsayawa ya kalla ba.

"Ta yi?" Nthati ta tambaya daga waje.

"Ta yi, Yaya."

Ya ninke bargon, ya ɗora shi kan tarin kayan da za a raba gobe. Sannan ya zauna a kan simintin, da gorar a hannu, ya fashe da kuka.