Abin da Ke Gefen Gilashin

A ƙarƙashin madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, tumbin mutum launi biyu ne kawai, ja-ja da shuɗi-shuɗi, shimfiɗe a kan gilashin da bai fi tsawon yatsa ba. Shekara goma ke nan tana kallon wannan launi. Bayan karatun likita ta ƙara shekara biyar tana koyon karanta ciwo a cikin nama, sannan wasu biyu a kan tumbi da hanji kaɗai, har abokan aiki suka laƙaba mata Likitar Hanji. Mahaifiyarta kuwa ba ta daina tsiya ba: "Ke wace irin likita ce, ko kaza ba ki taɓa yi wa allura ba?"

Gilashi na tara a safiyar nan na wani kafinta ne mai shekara hamsin da takwas. Kallo ɗaya ya ishe ta. Ciwon daji ne, ya riga ya kama wuri. Ta jawo takardarsa za ta rubuta, sai ta ga an taɓa ɗibar masa nama wata takwas da suka wuce. Rahoton wancan lokacin ya ce kumburi ne kawai, babu alamar daji. Sa hannun da ke ƙasa nata ne.

Ta leƙa ɗakin da ake yanka nama a rina shi. Dattijon da ke wannan aiki, wanda kowa ke kira Mai Rini, yana jera gilasai a faranti.

"Baba, ka taimaka ka ciro mini tsohon gilashin mai wannan lambar."

Ya dubi lambar, ya dube ta ta saman tabarau. "Likita, garin tone-tone fa kaza ta tono wuƙar yanka ta."

"Na sani, Baba. Ciro dai."

Ta bi tsohon gilashin layi-layi. Tsakiya kumburi ne, kamar yadda ta rubuta. Ta sake bi. A zagaye na uku, can gefe inda naman ya ɗan naɗe, ta gan su: ƙwayoyin daji shida ko bakwai, kowace ta kumbura ta ture ƙwayar cikinta gefe kamar dutsen zobe. Ta ɗauke idonta daga madubin. Babu wanda zai sake neman gilashin nan. Idan ta mayar da shi akwati, shi ke nan an binne.

Ta ɗauka ta nufi ofishin Farfesa, wanda a hannunsa ta koyi aikin. Suka zauna a madubi mai kai biyu, shi a wancan gefe, ita a wannan, kamar zamanin da take ɗaliba.

"Sau nawa kika bi kafin ki gan su?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Sau uku."

"Kuma yau kin san abin da kike nema. Cikin likita goma, bakwai za su wuce su. Wataƙila har da ni."

"Amma suna nan, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya murza idanu. "Suna nan. Rahoton gyara dole ne ki rubuta. Gaya wa mai ciwon kuwa, likitansa na tiyata zai iya."

"Shi bai ga gilashin ba. Ni na gani."

Farfesa bai hana ta ba.

Sai da ta tambayi hanya sau biyu kafin ta sami ɗakin majinyatan, domin rabonta da hawa benen tun tana koyo. Kafintan yana zaune a bakin gado, ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Yana ta buɗe ƙofar ƙaramin kabad ɗin da ke gefensa yana rufewa.

"Wanda ya haɗa wannan bai ji tsoron Allah ba," yake ce wa matarsa, wadda ke zaune a kujera tana ninke zani.

Likitar ta gaishe su, ta ce ita ce mai duba naman da ake ɗiba.

"Ashe mutum ne ke dubawa?" in ji shi. "Na ɗauka inji ne."

"Mutum ne, Baba. Shi ya sa na zo. Naman da aka ɗiba wata takwas da suka wuce, ciwon yana ciki tun lokacin. Kaɗan ne, a gefe. Ban gan shi ba, na rubuta babu. Kuskurena ne."

Matar ta ajiye zanin. "Wata takwas! Wata takwas yana shan maganin gyambon ciki, yana amai a shago, ina cewa ya daure. Yanzu kike zuwa?"

Kafintan ya rufe ƙofar kabad ɗin a hankali.

"'Yata, faɗa mini gaskiya. Da kin gani a lokacin fa?"

"Da aikin ya fi sauƙi, da abin da za a cire bai kai haka ba. Ba zan ce maka duk ɗaya ne ba. Amma har yanzu akwai abin yi."

Ya shafa tafin hannunsa mai kanta. Daga wani gado aka ji ana kiran nas.

"Jibi za su yanke," ya ce. "Abin da suka cire, wa zai duba?"

"Zan miƙa wa wani likita, in ka fi so. Haƙƙinka ne."

"A'a, ke za ki duba."

Matar ta juyo da sauri. "Malam!"

"Bari. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya duba da kyau. Wancan likitan maciji bai taɓa saransa ba tukuna." Ya dubi likitar. "Ban ce na yafe ba, sai na ga yadda na tashi. Aiki dai na ba ki."

"Na karɓa, Baba."

Ta yi musu sallama. Shi ya amsa, matar ba ta amsa ba, idonta na kan zanin. Amma da likitar ta zo wucewa ta ɗan lungun da ke tsakanin gado da kujera, sai matar ta janye ƙafafunta ta ba ta hanya.